Wa ya kawo mai saye? La'adar dillali daga karar Maigatari zuwa wayar hannu

Duk ranar Alhamis, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, motoci da babura daga Ɗanzomo da Sule Tankarkar da Gagarawa da Gumel sukan ɗauki hanyar Maigatari. Kasuwar tana bakin iyakar Najeriya da Nijar, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna shigowa daga ƙasar Damagaram, fatake daga Kano da Kudu su yi lodi su juya, ga kuma buhunan riɗi da zoɓo da ƙasar Gumel ta yi suna a kansu.

Wanda ya saba shiga kara ya san da wuya a ƙulla cinikin sa ko raƙumi tsakanin mai shi da mai saye kai tsaye. Akwai mutum na uku a tsakani. Shi ke riƙe da igiya, shi ke karɓar tayi ya kai wa mai dabba, shi ke dawowa da albarka ko sallama, shi ne kuma ke tsaya wa baƙo cewa dabbar ba ta sata ba ce. Idan ciniki ya faɗa, ya karɓi la'adarsa.

Wannan sana'a kacokan a kan tambaya guda take tsaye: wa ya kawo mai saye? A kara, ido ne ke ba da amsa. An ga wanda ya riƙe igiya, an ga wanda ya ja hannun baƙo, in kuma gardama ta tashi tsakanin dillalai biyu akwai shugabannin kasuwa da dattawan da suka ga abin da ya gudana. Yau kuwa ƴaƴan waɗannan dillalai da ƙannensu sun ɗauki sana'ar sun shigar da ita cikin waya, inda babu igiya, babu dattijo a gindin bishiya. Tambayar ba ta sauya ba, mai ba da shaida ne ya sauya, kuma ya kamata duk wanda yake cin abinci ta wannan hanya ya san ko wane ne sabon mashaidin da kuma inda yake tuntuɓe.

Yadda na'ura ke ba da shaida

Abin da matasa ke kira afiliyet dillanci ne tsantsa. Kamfani ko mai shago ya ce duk wanda ya jawo masa ciniki ta intanet zai ba shi wani kaso. Kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe irin wannan tsari a 1996, ya kuma bazu a duniya daga nan. A Najeriya, Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, sun yi amfani da shi, haka ma dandali irin Selar da ake sayar da littattafai da darussa a kansa. A yankinmu abin ya samu gindin zama ne bayan ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, lokacin da hatta mai sayar da akuya ya koyi karɓar taransifa ta OPay ko Moniepoint. Da zarar kuɗi sun iya tafiya ta waya, ciniki ma ya bi su.

Bari mu ƙaddara wata ɗaliba ce a Kwalejin Ilimi ta Gumel ta yi rajista da wani shagon intanet. Abin da za a fara ba ta shi ne mahaɗi, wato adireshin shagon da aka liƙa masa wata lamba tata ita kaɗai. Ta ɗora shi a sitatus ɗinta na WhatsApp tare da hoton keken ɗinki. Gwaggonta a Ɗanzomo ta gani ta latsa. A daidai wannan lokaci shagon zai ajiye wani ɗan ƙaramin rubutu a burauzar wayar gwaggon, wanda ake kira kuki. Aikinsa kamar shaidar da ake yi wa dabba ne a kara: yana cewa wannan baƙuwa ta hannun wance ta shigo. Idan gwaggo ta sayi keken, a ce Naira 100,000, shafin da ke tabbatar da biya zai karanta kukin ya aika sanarwa, sai a rubuta wa ɗalibar kasonta, misali kashi 5 cikin 100, wato Naira 5,000. Za ta ga wannan a wani allon lissafi da ke nuna mata mutum nawa suka latsa, nawa suka saya, nawa take bi.

Sai dai kuki yana da wa'adi. A Amazon awa 24 ne kacal, in ba mai saye ya jefa kayan a kwandon sayayya a cikin wannan lokaci ba, wanda hakan ke tsawaita damar zuwa kimanin kwana 90. Wasu kamfanoni suna ba da mako guda, wasu wata guda. Yanzu a dubi halinmu. Gwaggo ba ta da kuɗin keke a ranar da ta gani, sai an kai riɗi Maigatari an sayar. Kafin nan wa'adi ya wuce. Ko kuwa a wayar maigida ta ga hoton, amma ɗanta ne ya yi odar a tasa wayar. Kuki waya ya sani, bai san mutum ba, a gidajenmu kuwa waya ɗaya takan ratsa hannu biyar kafin dare. Ko ta buɗe mahaɗin a cikin Facebook amma aka saya ta manhajar shagon. Ko wayar ta cika aka goge mata shara, kukin ya bi ruwa. A duk waɗannan halaye ɗalibar ce ta kawo mai saye, amma mashaidin bai gani ba.

Ƙari a kan haka, masu ƙera burauza sun juya wa kuki baya saboda kare sirrin mutane. Apple ya fara taƙaita shi a burauzar Safari tun 2017, a 2020 kuma ya toshe kukin da ba na shafin da mutum yake kai ba. Wannan ya sa kamfanoni suka koma wasu dabaru. Ɗaya ita ce a ba kowace latsawa lamba ta musamman da shagon zai adana a uwar kwamfutarsa, idan an biya kuɗi sai ta sanar da kwamfutar masu lissafi kai tsaye ba tare da dogaro da wayar mai saye ba. Ɗaya kuma, wadda ta fi dacewa da mu, ita ce lambar rangwame. A ba dillali wata kalma tasa, duk wanda ya rubuta ta lokacin biya a rage masa wani abu, dillalin kuma a rubuta masa la'ada. Ita kalma ba ta goguwa da goge shara, ana iya faɗin ta da baki a gidan biki ko a saƙon murya. Aibinta shi ne takan zille ta yaɗu, har wanda dama ya riga ya yi niyyar saye ya tsince ta ya yi amfani da ita, mai shago ya biya la'adar cinikin da ba dillali ne ya kawo ba.

Akwai kuma ƙa'idar da ta fi kowace haddasa rigima. Idan mutum ya latsa mahaɗin dillalai biyu ko uku kafin ya saya, mafi yawan kamfanoni na ƙarshe suke ba la'ada gaba ɗaya. Wanda ya ɓata dare yana bayani da amsa tambayoyi ya tashi a tutar babu, wanda aka bi ta kansa a minti na ƙarshe ya kwashe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da malamai suka riga suka tattauna

Mai karatu zai iya zaton waɗannan sababbin matsaloli ne da littattafanmu ba su san da su ba. Ba haka ba ne. Malaman fiƙihu suna kiran dillanci samsara, kuma sun daɗe suna fama da shi. Imam Bukhari ya ware masa babi a cikin littafin ijara na Sahihinsa, inda ya ambaci cewa Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahim Annaka'i da Hasanul Basari ba su ga laifin ladan dillali ba. A nan ne kuma ya kawo fatawar Abdullahi ɗan Abbas (RA) cewa babu laifi mutum ya ba wani tufa ya sayar a kan wani farashi, abin da ya hau kai ya zama nasa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Ƙaisu ɗan Abi Garaza (RA) cewa da sunan dillalai ake kiran su a Madina, sai Manzon Allah (SAW) ya kira su da sunan ƴan kasuwa, ya kuma umarce su da su riƙa cakuɗa cinikinsu da sadaka saboda yasasshen zance da rantsuwa da ba a rasa su a ciniki. A ƙarni na 4 bayan Hijira, wani malamin Malikiyya na ƙasar Tunis, Abul Abbas Al'ibyani, ya bar littafi sukutum na amsoshin tambayoyi a kan dillalai kaɗai.

Malamai sun raba biyan mai talla gida biyu. Idan ka biya mutum kuɗi sananne don ya tallata kayanka na mako guda, an saya ko ba a saya ba, wannan ijara ce. Idan kuwa ka ce ba ka biya sai an saya, wannan ji'ala ce, wato ɗora lada a kan sakamako. Asalinta yana cikin Suratu Yusuf aya ta 72, inda aka yi shelar kayan raƙumi guda ga wanda ya zo da ma'aunin sarki, da kuma hadisin sahabban da suka yi wa wani shugaban ƙauye ruƙya da Fatiha a kan garken tumaki. Dillancin intanet da ake biya bisa ciniki ji'ala ce.

Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani ya ci karo da hukunci biyu a wannan babi: mai ji'ala ba shi da komai sai aiki ya kammala, kuma ba a yanka wa ji'ala wa'adi. Na farko a fili yake. Ɗalibar da ta yi talla wata guda ba a sayi komai ba, ba ta bin kowa bashi, kamar dai dillalin da ya wuni riƙe da igiya aka ce albarka. Na biyu ne ke buƙatar tsayawa, domin ga shi kamfani ya ce awa 24. Shin wannan bai ɓata yarjejeniyar ba? Abin da na fahimta, kuma ina miƙa shi ga malamanmu su duba, shi ne wa'adin kuki ba wa'adi ne da aka ɗaure aikin dillali da shi ba. Ba a ce mata ta sayar cikin kwana ɗaya ko ta rasa aikin ba, tana iya ci gaba da talla shekara guda, tana iya bari yau. Wa'adin yana fayyace cinikin da za a lissafa a matsayin nata ne kawai. Mukhtasar na Shehu Khalil ma ya bar ƙofar yanka lokaci idan an yarda mai aikin zai iya bari duk sanda ya so. Saboda haka abin ya koma babin sharaɗi, sharaɗi kuwa yana ɗaure Musulmi matuƙar an san shi kafin a shiga kuma bai halatta haram ba. Matsalar tana inda aka ɓoye shi cikin dogon rubutun Turanci da babu mai karantawa, ko aka sauya shi bayan mutum ya gama wahala.

Sai batun kaso. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya halatta a ambaci farashi a kuma ambaci lada sananne, amma ya ƙi yarda a ce wa dillali yana da kaza a kowane dinari, saboda duk sanda farashi ya sauka ladansa ya sauka, bai san abin da aka sanya masa ba, wannan kuwa garari ne. Wasu malamai, musamman Hambalawa, sun sauƙaƙa a kan wannan, haka ma hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin shari'a ga cibiyoyin kuɗi na Musulunci, ta yarda lada ya zama wani kaso na sakamako a ƙa'idarta ta ji'ala. Kuma idan aka lura, illar da Imam Malik ya ambata takan kau a shagon da farashinsa a rubuce yake: kashi 5 na Naira 100,000 sananne ne tun kafin a fara. Tana dawowa ne idan shagon yana sauya farashi ko kaso yadda ya ga dama ba sanarwa. Mai shago yana da ikon rage kaso, amma a kan cinikin da ke gaba, ba wanda dillali ya riga ya jawo ba.

Game da ba na ƙarshe komai, Malikiyya suna da wata magana mai kyau. Sun ce idan mai ji'ala ya fara aiki bai ƙarasa ba, sai mai kaya ya ɗauko wani ya ƙarasa, to na farko yana da rabo gwargwadon abin da aka amfana da shi daga aikinsa. Hikimar ita ce kada gumin mutum ya shiga aljihun wani a banza. Ba na cewa tsarin latsawar ƙarshe haramun ne, domin duk dillalan sun shiga ne da saninsa, kuma al'adar kasuwa hujja ce a irin wannan. Amma ɗan kasuwa Musulmi da ke tsara nasa tsarin ba dole ne ya kwaikwayi Amazon ba. Akwai kamfanonin da ke ba na farko, akwai masu rabawa tsakanin duk waɗanda aka bi ta kansu, kuma rabawar ta fi kusa da abin da malamanmu suka hango.

Mudu a hannun mutum ɗaya

A kasuwar hatsi mudu a bainar jama'a yake, mai saye yana kallo, mai sayarwa yana kallo. Allon lissafin dillancin intanet mudu ne da ke hannun mai shago shi kaɗai. Idan ya nuna ciniki bakwai alhali goma aka yi, dillali ba shi da hanyar ganewa. Suratul Muɗaffifina da ta yi narko ga masu tauye awo ba ta tsaya kan gero da dawa ba. Bukhari kuma ya ruwaito hadisi ƙudusi da ke lissafa mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ci moriyar aikinsa cikakke sannan ya hana shi ladansa.

Su ma dillalai ba a bar su a baya ba wajen lalata mudun. A Amurka an kama wani mai suna Shawn Hogan, wanda ya kasance babban dillalin kamfanin eBay, da dabarar cusa kukinsa a kwamfutocin mutanen da ba su taɓa latsa mahaɗinsa ba, ta yadda duk wanda ya je ya yi sayayyarsa daga baya sai a rubuta shi ne ya kawo shi. An ce la'adar da ya karɓa daga kamfanin ta kai kimanin Dala miliyan 28. Ya amsa laifin zamba, a 2014 aka yanke masa wata biyar a kurkuku. A Disamban 2024 kuma aka zargi manhajar Honey, wadda PayPal ya saya kan kimanin Dala biliyan 4, da maye gurbin kukin masu talla da nata a daidai lokacin biya, har aka shigar da ƙararraki. Kamfanin ya ce yana bin ƙa'idar da aka saba da ita ta latsawar ƙarshe.

Namu salon bai kai wannan ƙwarewa ba, amma jinsinsu ɗaya. Mutum ya ga abokinsa ya gama shawo kan mai saye, sai ya bi ta bayan fage ya ce a yi amfani da lambarsa zai mayar masa da wani abu. Wannan ɗan'uwan shiga cinikin wani ne da hadisi ya hana. Wani ya buɗe asusu biyar yana yabon kayan da bai taɓa gani ba don ya zuga mutane, wanda bai da maraba da najashi, wato taya kaya ba da niyyar saye ba don a ruɗi wani. Wani ya yi odar ƙarya da sunan mutanen da babu su don lissafinsa ya hau, direba ya ƙona mai ya je ya tarar da kango.

Akwai kuma mutum na uku da ake mantawa da shi, wato mai saye. Duk wannan bibiya a kan wayarsa ake yin ta: abin da ya duba, lokacin da ya duba, lambarsa, garinsu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu tattara irin waɗannan bayanai nauyin kiyaye su da kuma yin amfani da su ga abin da aka karɓe su dominsa. Dillalin da ya tara lambobin matan aure ta hanyar ciniki ya sayar wa wani, ko ya mayar da su wata hanya, ya ci amana kafin ya karya doka.

Inda babu kuki

Gaskiyar magana, mafi yawan dillancin waya a ƙasar Gumel bai san da wani kuki ba. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari yake turo hotunan atamfa da leshi, mata su ɗora a sitatus daga cikin ɗakunansu. Dillaliya ce dai irin ta da, mai yawo gida-gida da ƙunshin zannuwa, sai dai yanzu ƙunshin ya koma waya. Wasu suna ɗora ribarsu a kan farashi, irin abin da Ibnu Abbas ya halatta idan da yardar mai kaya. Wasu kuma tura mai saye suke yi su jira la'ada, kuma a nan ake yawan kuka. Mai saye ta ga lambar mai shago a jikin hoton ta zagaye dillaliya, ko mai shago ya ce ai wannan dama tsohuwar abokiyar cinikinsa ce.

Maganin wannan ba ya buƙatar injiniya. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, la'adar da aka jinkirta kuwa bashi ce. Kafin a ɗora hoto ko ɗaya, a yi magana ta fito fili: nawa ne, yaushe take wajaba, shin lokacin biya ne ko sai kaya sun isa, kwana nawa mai saye zai ci gaba da zama na wadda ta kawo shi, in kuma ya dawo sayayya ta biyu akwai wani abu ko babu. Wannan ta ƙarshe ita ta fi raba zumunci. A kara kowace dabba da la'adarta, a intanet kuwa wasu kamfanoni cinikin farko kaɗai suke biya, wasu suna biya duk sanda mutumin ya dawo. Kowanne ya halatta in an yarda da shi, babu wanda ya halatta a ƙirƙiro bayan an ga kuɗi. Wanda ba ya rubutu ya yi saƙon murya ya adana. Hanya mafi sauƙi da na sani ita ce dillaliya ta haɗa mai shago da mai saye a zaure ɗaya na WhatsApp ta gabatar da su, ranar da lokacin suna nan a rubuce, babu mai musu. Kowa kuma ya riƙe littafinsa, a riƙa haɗa lissafi duk mako, kada a bari ya taru.

Ya kamata kuma dillali ya faɗi matsayinsa. Hadisin Hakim ɗan Hizam (RA) ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa. Wadda ta ɗora hoton kayan da ke Kano ta karɓi kuɗi kamar nata ne, ta shiga wani hukunci dabam da wadda ta ce ita mai haɗawa ce ko wakiliyar mai kaya. Haka nan idan Layya ta gabato, ma'aikaci a Abuja ko Legas ya tura wa ƙaninsa a Ɗanzomo kuɗi ya ce ya shiga Maigatari ya nuna masa raguna ta bidiyo ya saya masa. Wannan ƙanin wakili ne, ba dillali ba. Idan ya karɓi wani abu a ɓoye daga mai rago, ko ya ɗora a kan farashi bai faɗa ba, ya ci abin da ba nasa ba, sai fa in yayan ya sani ya yarda. Ma'aunin ɗaya ne da na mai mabiya a TikTok ko Facebook da ake tambaya wace waya ce ta fi kyau, ya nuna wadda ake ba shi kaso a kanta ya yi shiru. Wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne, kamar yadda ya zo a hadisi, kuma faɗin cewa yana da la'ada a ciki ba ya rage masa komai in kayan na kirki ne.

Ingancin lissafi kuma ba ya tsarkake abin da ake lissafawa. Kamfanonin caca suna cikin masu biyan la'ada mai tsoka, lambobinsu kuma ba sa kuskure, haka manhajojin bashi da ruwa. MMM da ta daskare da kuɗin jama'a a Disamban 2016, da CBEX da ta rushe a Afrilun 2025, duk da mahaɗin gayyata suka yaɗu, ɗa ya jawo uba, ɗalibi ya jawo malaminsa. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya haramta tsarin talla mai hawa-hawa irin na dala tun 2004. Tambayar da ke bambance su da dillanci ita ce daga ina la'adar take fitowa: daga cinikin kayan da mutane ke buƙata a kan farashinsu na gaskiya, ko daga kuɗin rajistar waɗanda aka jawo?

Saura mas'ala guda da na'ura ba ta iya warwarewa. Kusan duk shagunan intanet suna riƙe la'ada har sai lokacin mayar da kaya ya wuce, idan an mayar sai su soke ta, ba tare da tambayar dalili ba. Malikiyya sun bambance. Idan an mayar da kaya saboda aibin da mai sayarwa bai san da shi ba, dillali zai mayar da la'ada, domin cinikin bai tabbata ba. Idan kuwa mai sayarwa ya san aibin ya ɓoye, dillali kuma bai sani ba, to la'adarsa tana nan, domin ya yi aikinsa, algus ɗin mai kaya ne ya rushe cinikin. Ɗan kasuwar da ya aika wa gwaggo keken da ya san kansa a fashe yake, aka dawo masa da shi, allonsa zai nuna sifili a gaban sunan ɗalibar nan ta Gumel, amma a wannan hukunci yana riƙe da Naira 5,000 ɗinta.